Gwanjon Gidan Nasara

Shafi na 19

Assalamu alaikum mutanena. Na ga saƙonninku kaf, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban fito da shafin yau ba za ta zo har gida ta ƙwace wayar ta ƙarasa da kanta 😂 Yi zamanki hajiya, ga shi nan. Masu zagin Tanimu kuma ku sassauta, mijin wata ne.

Ga waɗanda suka shigo yau: Maraɗi ce ta zamanin Nasara, ana gab da buɗe cinikin gyaɗa. Kamfani na neman ma'auni, wato mai awon gyaɗa a sikeli, ɗaya tak, mutum biyu aka ce su zo ran Litinin, Tanimu na Jiratawa da Maman Lawali, ɗan mai kantin yadi na Sabon Gari. Tafintan kamfanin ya riga ya tsegunta cewa sabon Nasaran, wanda suke kira Mushe, shigar mutum yake fara dubawa. Tanimu kuwa rigarsa ta kirki ɗaya ce, ita ma gara ta gama da ita. In aikin nan ya kuɓuce masa, motar Kano zai bi ci-rani karo na uku, ya bar matarsa Tsahara da ƙaramar 'yarsu Rabi da cikin wata shida. Shi ya sa Tsahara ta sayar da akuyarta, ta ce su tafi gwanjon kayan tsohon Nasaran da zai koma gida.

To, mu je.

*

Tun a hanya ta gindaya masa sharaɗi. Ƙwaryar fura ce a kanta, don kada a ce me mace take nema cikin taron maza.

"Baban Rabi, ka dube ni da kyau. In ka ga na taɓa gammo, ka taya. In na sauke ƙwarya ƙasa, ka kame bakinka."

"In kuma na ga abin da nika so hwa?"

"Ka so shi a zuci."

Tanimu ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, amma bai musa ba. Akuyar tata ce.

Ran Juma'a da hantsi sun iske ƙofar gidan Nasara cike. Ilyasu dillali ya hau kan tebur da ƙararrawa a hannu, muryarsa har ta fara dushewa. An sayar da kujeru, an sayar da fitila, wani mahauci ya sayi tukunyar da shi kansa bai san abin da ake dafawa a ciki ba. Tsahara ta raɓe a gindin itacen bedi tare da masu talla, daidai inda mijinta zai hango ta.

Sai ga Maman Lawali da abokansa, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ya dubi Tanimu daga hula har silifa.

"A'a, mutanen Jiratawa! Albasa kunka kawo ko kallo kunka zo?"

"Saye munka zo."

"To ka ji da kunnenka. Duk abin da ka taya yau, ko tsumman goge ƙahwa ne, sai na ɗora. Ran Litinin da wagga rigar taka za ka tahi gaban Mushe."

Abokan suka kwashe da dariya. Tsahara ta ji komai, ko gezau ba ta yi ba. Ni da na san ta, na san shirun nan nata ba na alheri ba ne.

Ilyasu ya buɗe babban akwati, ya zaro wani abu ya ɗaga sama.

Riga da wando ne na siliki, jajaye masu ratsin ruwan zinari. An bi bakin wuya da bakin hannu da farin kirtani, ga wasu haruffa biyu an saƙa a kan aljihu. Rana ta haska su, iska ta kaɗa su, sai wani walƙiya suke.

"La ilaha illallahu!" in ji wani tsoho. "Wanga ai sai ranar idin Nasara."

Tanimu ya haɗiye miyau. Wallahi a take ya ga kansa a ciki, yana tsaye gaban sikeli, duk Maraɗi na gaishe shi. Ya waiga gindin bedi da addu'a a bakinsa.

Tsahara ta taɓa gammo.

"Dala talatin!" ya faɗa da ƙarfi, har muryarsa na rawa don murna.

"Hamsin," in ji Maman Lawali, ko kallonsa bai yi ba.

Ta taɓa gammo.

"Sittin!"

"Ɗari."

Ta sake taɓawa. Tanimu ya ɗan yi jim, don kuɗin akuyar gaba ɗaya dala ɗari da ashirin ne. Ya rufe ido ya faɗe su duka.

Nan fa Maman Lawali ya yi shiru. Ya sa hannu a aljihu, ya karkata yana raɗa da abokinsa. Ilyasu ya ɗaga ƙararrawa.

"Ɗari da ashirin, sau ɗaya! Sau biyu!"

Zufa ta keto wa Tsahara har cikin mayafi. Ɗan cikinta ya motsa, ta dafe shi. In ƙararrawar nan ta buga, akuya ta tafi, aiki ya tafi, miji ya tafi Kano. Tsoro ta ji na gaske. Sai ta juya ga mai tallar goron da ke kusa da ita, ta ɗaga murya yadda za ta kai inda take so ta kai.

"Ashe dai ɗan mai kanti ma aljihunsa na da iyaka."

Maman Lawali ya zabura.

"Ɗari biyu da hamsin! Duk abin da ke jikina ke nan, a ba ni kayana!"

Tsahara ta sauke ƙwarya ƙasa, a hankali, ta zauna kusa da ita.

Ƙararrawa ta buga. Maman Lawali ya juye aljihunsa a hannun dillali, ya rungume silikinsa, abokai na yi masa kirari. Ya bi ta gaban Tanimu ya goga masa hannun rigar a kumatu.

"Shahwa ka ji laushi. Iyakar rabonka ke nan."

Idon Tanimu ya kaɗa ya yi ja.

Jama'a sun fara watsewa lokacin da Ilyasu ya kakkaɓe gindin akwati. Wani dunƙulallen abu ya faɗo. Kwat da wando na farin kaki, sun yi rawaya don ajiya, tawada ta zube a aljihun gaba, wuyan ya goge, maɓalli biyu babu. Ilyasu kansa da yatsu biyu ya ɗaga su.

"To, ga na goge fitila. Wa ka taya?"

Tsahara ta miƙe ta ɗora ƙwarya, ta taɓa gammo.

Tanimu ya kau da kai.

Ta sake taɓawa, har ƙwaryar na neman faɗuwa. Ya ƙura wa ƙasa ido kamar ya ga allura.

"Dala ashirin!"

Muryar mace ce. Duk mazan wurin suka waiga. Ilyasu ya buɗe baki, ya dubi Tanimu, ya dubi matar.

Maman Lawali ya yunƙura zai ɗora, kamar yadda ya rantse. Ya lalubi aljihun dama, ya lalubi na hagu. Ya dubi abokansa, kowa ya shiga gyaran hula.

"Bar musu," ya ce yana yaƙe. "Tsumma ya samu masu shi."

Ƙararrawa ta buga. Da canjin, Tsahara ta sayi farar riga ta ciki da takalmi baƙi wanda dunduniyarsa kawai ta ɗan lashe, har ta rage na sabulu da gawayi.

*

Daga Maraɗi har Jiratawa Tanimu bai yi mata magana ba. Yana gaba, tana baya. Sai da suka shiga gida ya jefar da ƙunshin a tsakar gida.

"Kin kunyata ni, Tsahara."

"Sha ruwa tukuna."

"Ba ni sha! Mace ta buɗe baki cikin gwanjo, mijinta na tsaye? Kin sa na taya abin kirki, da ya zo hannu kin sa an ƙwace. Sannan kin saye mani tsumma gaban duk Maraɗi. Mi na yi maki?"

Ta durƙusa ta kwance ƙunshin, ta shimfiɗa kwat ɗin a kan tabarma, tana shafa shi da tafin hannu.

"Baban Rabi, ɗiyar wa ka aura?"

"Wace irin tambaya ce wagga?"

"Amsa mani."

"Ɗiyar Nomau na Tsibiri."

"Nomau mi?"

"Nomau mai wanki."

"Shekara goma sha takwas Baba na wanki da guga gidajen Nasara. Tun ban kai tsawon tebur ba nike riƙe mashi bakin zane. Babu irin tufar da ba ta bi ta hannuna ba. Wancan jan silikin da ka mutu a kai, ka san inda muke ɗauko irinsa kowace sahiya?"

"Ina?"

"Ƙarƙashin matashin kai."

Tanimu ya ƙura mata ido.

"Kayan barci ne. Da su suke kwana. Ko ƙohwar ɗaki Nasara ba ya hitowa da su in akwai baƙo."

"Ke Tsahara! Ki ji tsoron Allah. Wanga kaya mai kyau haka, a kwanta da shi?"

"Su dai haka Allah ya yi su. Wanga kuwa da kake kira tsumma, shi ne kayan aiki. Taɓa ka ji. Yadin bai mutu ba, datti ne da rashin mai kula. Da na bari ka taya shi tun aljihun Maman Lawali na cike, da ya ɗora don ƙeta, ko zai ba jakinsa ya sa. Sai da na ga ya zazzage tukuna."

Tanimu ya zauna daɓas a kan turmi. Can sai dariya ta kuɓuce masa, ya yi ta yi har da riƙe ciki, Rabi ta fito daga ɗaki tana taya shi ba ta san dalili ba.

Da ya lafa sai ya ce, "To da ƙararrawa ta buga a kaina hwa?"

"Da mun kwana muna kallon juna, kai da siliki ni da hawaye. Kada ma ka tuna mani."

Kwana biyu Tsahara ba ta huta ba. Ta matse lemun tsami da gishiri a kan tawadar ta shanya a rana, ta sake, ta sake, har sau biyar. Ta jiƙa kayan a ruwan toka, ta wanke da sabulu, ta ɗauraye da bula. Ta farke wuyan kwat ɗin ta juya shi, gogaggen ya koma ciki, lafiyayyen ya fito waje. Maɓallan da suka ɓace ta ciro na aljihun ciki ta maye. Ta dama kullun rogo ta tsoma.

Ran Lahadi da la'asar ta buɗe tukunyar da take ajiyar abin da ba ta so a taɓa, ta ɗauko dutsen gugan babanta. Shi kaɗai Nomau ya dawo da shi Tsibiri ranar da ya bar aikin Nasara, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Rana ɗaya ya dawo, bai sake taka Maraɗi ba, kuma har ya koma ga Allah bai faɗa wa kowa dalili ba. Ta zuba garwashi, ta fesa ruwa da baki, ta goge kayan har kari ya tsaya. Da ta gama, hannunta da kansa ya ɗauki jan zare ya yi ɗinki uku ƙanana a cikin wuyan, alamar da Nomau ke sa wa duk tufar da ta fita daga hannunsa. Sai da ta cije zaren ta lura da abin da ta yi, kewar tsohon ta taso mata, ta yi kukanta ta share.

*

Litinin, filin kamfani ya cika da masu jakuna da 'yan dako da buhunan gyaɗar farko. Tsahara na bakin shinge da ƙwaryarta.

Da Tanimu ya shigo, 'yan dako biyu suka miƙe suka cire hula. Sun ɗauka wani babban ma'aikaci ne daga Yamai. Fari fat, kari a hannu, kari a wando, takalmi na ƙyalli. Shi kansa tafiyarsa ta sake.

Sai ga Maman Lawali a kan keke. Jan siliki sama da ƙasa, ya ɗora jar dara, ya rataya agogo, turare kamar an fasa kwalba. Abokai na biye da shi a ƙafa.

Kun san Tanimu da taushin zuciya. Ya matsa kusa da shi ya rage murya.

"Lawali, don Allah koma gida ka sake kaya. Akwai sauran lokaci. Wanga na barci ne."

"Ji hassada! Ku ji mani baƙin ciki tsirara! An wanke tsumma an zo ana yi mani wa'azi."

"Na dai hwaɗa maka."

"Riƙe abinka."

Ƙofar ofis ta buɗe. Sabon Nasaran ya fito da lofe a baki, Sha'ibu tafinta na bayansa. Matarsa na zaune a baranda tana fifita da wata takarda.

Maman Lawali ya yi wuf ya sha gaba, ya ƙame, ya sara.

Nasara ya tsaya. Ya cire lofe. Ya dubi jar dara, ya dubi siliki, ya dubi haruffan tsohon maigidan a kan aljihu. Kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi wata magana da Faransanci, Madam ta rufe fuska da takardarta.

"Mi ya ce?" in ji Maman Lawali yana murmushi. "Ya yaba ko?"

Sha'ibu ya sosa ƙeya. "Mushe na tambaya, wai ko ba ka da lahiya ne?"

"Lahiyata lau!"

"To wai in lahiyarka lau, mi ya sa ka taso daga gado ba ka sa tuhwa ba?"

Kukun gidan ne ya ƙarasa aikin. Ya leƙo ta tagar kicin da ludayi a hannu.

"Kai! Wa ya hito da kayan barcin tsohon Mushe? Ni nike shanya su kullum!"

Jama'a, filin nan ya ɗauka. Masu jakuna suna faɗuwa a kan buhuna. Wani ɗan dako ya ƙwala, "Maman Lawali, ka mance matashin kai!" Wani ya ce a kawo masa bargo kada sanyi ya kama shi. Abokan kirari kuwa tuni suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ya haye kekensa, kirtanin wandon ya sarƙe a sarƙa, ya sauko ya ja keken da hannu har ya fice. Ni ban ji tausayinsa ba, ku ma na san ba ku ji ba.

Nasara ya share hawayen dariya ya juyo ga Tanimu. Ya zagaya shi sau ɗaya yana gyaɗa kai. Ya sa aka ɗora buhu a sikeli. Tanimu ya gyara ma'aunin, ya karanta da Faransancin da ya koya a lakkol, makarantar Nasara, ya rubuta a allo. Aka ɗora na biyu, aka ɗora na uku, bai kuskure ko ɗaya ba.

Nasara ya zaro fensir daga aljihunsa da mabuɗin sito, ya damƙa masa.

"Mushe ya ce gobe da sahe ka kama aiki," in ji Sha'ibu.

Guɗa ta tashi daga bakin shinge, doguwa, har jakuna suka ɗaga kunne. Tsahara ce, hannu ɗaya a kan ciki, ɗaya a kan hanci, hawaye na zuba. Babu Kano. Bana mijinta a gida zai ga haihuwa.

Nasara ya sake magana yana nuna kwat ɗin, Sha'ibu ya fassara.

"Wai ya san wagga riga, ya gan ta a akwatin wanda ya gada, shi da kansa ya ce a yar. Wane mai wanki ne ya tashe ta?"

Tanimu ya dubi mazan da suka ga an kunyata shi ran Juma'a, kusan rabinsu suna nan. Abu ne mai sauƙi ya ce wani mai wanki ne a Jiratawa. Ya juya ya nuna bakin shinge da mabuɗin da ke hannunsa.

"Matata ce. Ita ta zaɓa, ita ta taya, ita ta gyara. Ni sawa kawai na yi."

Tsahara ta ja mayafi ta rufe fuska. Ran Juma'a bai faɗi haka ba, amma ta yafe.

Madam ce ta taso daga baranda. Ta zo ta shafa karin hannun kwat ɗin, ta murza yadin tsakanin yatsu. Sai ta kai hannu ta ɗaga wuyan ta leƙa ciki.

Takardar fifitar ta faɗi ƙasa.

Ba ta ɗauka ba. Ba ta dubi mijinta ba, ba ta nemi tafinta ba. Ta ratsa tsakanin buhuna da jakuna, kai tsaye har bakin shinge, ta tsaya gaban Tsahara fuskarta ta yi fari kamar kakin da aka goge. Da ta buɗe baki, Hausa ce ta fito, karyayya amma kowa ya ji.

"Jan zare uku. Shekara goma sha ɗaya ina neman mai wannan hannu. Ke, ina Nomau?"